Filin Masu Sauraro: Tukwicin masu haɗa mana labaran ƙauye

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: shirye-shiryen labarai da matasa ke haɗawa da wayoyinsu a ƙauyukan Kano da Jigawa, ba albashi ba ofis, su tura ta WhatsApp ko su zuba wa mutane a memori. Wasu na ce musu fodkas, wasu kuma labaran gari kawai. Mun taƙaita tambayoyin, injiniyan sauti da editan labarai na wannan fili suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, ina noma da kiwo a wani ƙauye kusa da Maigatari. Akwai yara uku 'yan garinmu da ke haɗa labarai duk daren Alhamis bayan an tashi daga kasuwa: farashin dabbobi, na gero da riɗi, sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, da ranar zuwan masu rigakafi. Jikana ke kunna mini. Ina so in nuna musu godiya. In ba su kuɗi, ko hakan zai zama raini?

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin da yaran nan suka fi buƙata shi ne su san ana jin su, su kuma san me aka ji. Mai gabatar da shiri a gidan rediyo yana da layin waya da ke ringin, yana da abokan aiki da ke gaya masa yau ka yi kyau ko ka yi sauri. Mai shiri a waya ba ya da ko ɗaya. Da zarar ya tura shirin, aka tura wa wani, wani ya zuba wa wani ta Bluetooth ko Xender, shi ke nan ya ɓace masa. Zai iya kasancewa ƙauyuka goma na sauraronsa, shi kuwa yana zaton 'yan majalisarsu ne kaɗai. Wannan shirun ne ke kashe irin waɗannan shirye-shirye, ya fi rashin kuɗi saurin kashe su.

Saboda haka ka sa jikanka ya ɗauki muryarka, rabin minti zuwa minti ɗaya, kada ya wuce haka. Ka faɗi garinku, ka faɗi shirin wace rana ka ji, sannan ka kama abu ɗaya da ya amfane ka. "Allah ya yi muku albarka, kuna ƙoƙari" addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna musu inda za su ƙara ƙarfi ba. Idan ka ce farashin raguna da suka faɗa ya sa ka jinkirta kai naka kasuwa har mako na gaba, ka ba su dalilin sake tsayawa a kara cikin rana suna tambayar dillalai. Ka kuma gaya musu ko ka yarda su saka muryarka a shiri, don mai mutunci ba zai saka ba sai da izini.

Gyara ma kyauta ce. Idan sun faɗi farashin gero ba su ce na tiya ne ko na buhu ba, ko ba su bambance cinikin safe da na yamma ba, ka gaya musu, amma su kaɗai, ba a tsakiyar zauren WhatsApp ba. Farashi ɗaya daga bakin mutum ɗaya ba labari ba ne. Su tambayi aƙalla masu sayarwa uku da mai saye ɗaya, su faɗi mafi ƙasa da mafi sama. Dattijo irinka da ya san kasuwar nan tun kafin a haife su shi ya fi kowa cancantar koya musu wannan.

Batun kuɗi kuwa ba raini ba ne, yadda aka bayar ne abin dubawa. Tura shirin minti goma ba ya cin data mai yawa. Abin da ke cin aljihunsu shi ne kuɗin mashin zuwa kasuwa, katin kiran waya don tabbatar da labari, da cajin waya a shago. Mun fi son masu sauraro su haɗa ɗan asusu, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, a saya musu abin aiki: fawa banki, ƙaramar makirufo ta maƙalawa a riga, memori mai kyau. A bayar a fili, su kuma su sanar a ƙarshen shiri cewa jama'ar gari ne suka taimaka. Abin da muke jan kunne a kai shi ne mutum ɗaya ya ɗauke nauyin shirin gaba ɗaya, musamman dillali ko mai neman kujera. Ranar da aka fara cewa farashin da suke faɗa na maigidansu ne, sun rasa abin da ya sa kake sauraronsu.

Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, mutanenmu ke rubuta wasiƙu suna kafa ƙungiyoyin masu sauraro, ga kuma katin zaɓi sonka da ake aikawa Rediyon Kaduna. Bambancin kawai, yanzu wanda za ka gode wa yana bayan gidanka.

Tambaya: Ɗana yana Kano, yana turo wa ƙaninsa shirin labarai ta WhatsApp. An zuba mini a memori, na saka a rediyona mai caji, amma ba ya kamawa, alhali karatun Alƙur'ani da wa'azin da ke cikin memorin suna yi lafiya lau. Rediyon ce ta lalace? Daga wata uwa a yankin Kunci.

Amsa: Hajiya, rediyonki lafiyarta ƙalau, tunda tana karanta sauran abubuwan. Matsalar irin fayil ɗin ce. Saƙon murya na WhatsApp yana zuwa ne a tsarin da ake kira opus, manhajar ɗaukar murya ta wayoyi da yawa kuma tana ajiyewa a m4a ko amr. Ƙananan rediyoyin nan masu cin memori yawancinsu MP3 suka sani, in suka ga wani abu daban sai su tsallake shi kamar babu shi.

A kai wa mai zuba waƙoƙi a shagon caji, a ce ya juya fayil ɗin zuwa MP3. A lura, canza sunan fayil kawai, a goge opus a rubuta mp3, ba juyawa ba ne, ba zai yi ba. Sai an bi da shi ta manhajar juya sauti, aikin minti ɗaya ne. Mafi sauƙi ma, ɗanki ya roƙi masu shirin su riƙa fitar da shi a MP3 tun daga tushe, su tura shi a matsayin fayil.

Ga wanda nasa memorin ne gaba ɗaya rediyo ta ƙi gani, dalilin daban ne. Katin da ya wuce 32GB yakan zo a tsarin exFAT, ƙananan rediyoyi kuma FAT32 suke karantawa. A nemi na 4GB ko 8GB, ya isa ya ɗauki shirye-shiryen shekara guda har da saura. In za a yi wa kati fomatin, a kwashe abin da ke ciki tukuna, don komai zai goge. A kuma sa lamba a farkon sunan kowane shiri, 01, 02, 03, saboda mai rediyon da ba ta da allo ya san sau nawa zai danna.

Tambaya: Ni ɗaya ne daga masu haɗa shirin labaran noman rani a yankin Auyo. Mutane na yaba mana, amma ƙorafi biyu sun ƙi ƙarewa: wai muryarmu kamar daga cikin rijiya, kuma shirin na cinye musu data. Waya kawai muke da ita. Me za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, masu wannan ƙorafin su ne masoyanku na gaskiya, don wanda bai damu ba sharewa yake ya wuce. Kuma duka biyun ana maganinsu ba tare da an sayi komai ba.

A fara da ɗaki. Muryar rijiya amsa-kuwwa ce: sauti na dukan bangon siminti da rufin kwano ya dawo cikin makirufo. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin bulo mai fenti kyau nesa ba kusa ba. In ɗakin siminti ne kawai kuke da shi, a shiga wanda ke da katifa, labule da kaya a rataye, a jingina katifa a bangon da mai magana ke fuskanta, a shimfiɗa tabarma ko bargo a ƙasa. Aji babu kowa ko shago fayau su ne mafi muni. A kashe fanka. A zaɓi lokacin da injin niƙa da janareton maƙwabta suka yi shiru.

Sai nisan baki da waya. Makirufon waya yana ƙasanta, kusa da ramin caji, kada yatsa ko rigar waya su rufe shi. A riƙe ta kimanin taƙi ɗaya daga baki, santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkata ta gefe don iskar "f" da "b" kada ta riƙa dukan ta kai tsaye. In ta yi nisa, ɗakin za a ji fiye da mutum. In ta matso da yawa, murya ta fashe, kuma fasasshiyar murya babu manhajar da ke ɗinke ta. In manhajarku na nuna ma'aunin ƙarfin sauti, kada ya taɓa ja. Idan ku biyu ne, kada ku ajiye wayar a tsakiya kowa ya yi magana daga inda yake, a riƙa miƙa ta ga mai magana. A danna alamar jirgin sama kafin a fara, don kira ɗaya na iya yanke ɗauka, kuma a cire ta daga caji, saboda caja mai araha na saka ƙugi a cikin sauti.

A fadama ko kasuwa iska ce abokiyar gaba. A juya mata baya, a rufa wa ƙasan wayar guntun soso ko safa mai tsabta. In kun tashi sayen makirufo ta maƙalawa, ku duba bakin fulogin: waya na son mai zobe baƙi uku, mai zobe biyu na kyamara ne, in aka saka shi wayar za ta ci gaba da ɗauka da makirufonta ba ku sani ba. Wayar da ba ta da ramin iyafis kuma sai an nemi mai shiga ramin caji.

Batun data lissafi ne. Sauti a tsarin WAV yana cin kusan 5MB a kowane minti ko da layi ɗaya ne. MP3 a kan 128kbps (kbps ma'aunin ingancin sauti ne) yana cin kusan 1MB a minti. Magana zalla ba ta buƙatar haka: ku fitar da shirin a MP3, layi ɗaya wato mono, a kan 64kbps, minti goma zai tsaya ƙasa da 5MB. Inda sabis ke wahala a sauko zuwa 48kbps, murya za ta fita sarai. Kada ku mai da shi bidiyo don kawai ku manna hotonku, nan ne datar mutane ke tafiya. Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce a kwamfuta, a waya kuma akwai irin su Lexis Audio Editor. Ku ɗauki daƙiƙa goma na shirun ɗakin kafin ku fara magana, da shi manhaja ke gane ƙarar da za ta rage, amma a rage kaɗan, in aka matsa murya sai ta koma ta ƙarfe.

Ku bar saka kiɗa a ƙarƙashin labari. A iyafis yana da daɗi, a ƙaramar lasifikar rediyo kuwa cinye maganar yake, dattawa su kasa ji, ga kuma haƙƙin mai waƙar. Kafin ku tura, ku saurari shirin a irin rediyon da mutanenku ke amfani da ita, a tsakar gida, ba a kunnenku ba.

Tambaya: Ina gyaran rediyo da talabijin a yankin Sumaila. Don jin daɗin shirin da yaran garinmu ke yi, ina so in haɗa musu ƙaramar na'urar watsawa ta FM yadda tsofaffi marasa waya za su kama. Na ji an ce a ƙasashen waje akwai masu rediyon sha'awa da ke yin haka.

Amsa: Malam, niyyar ta yi kyau, amma kada ka haɗa. Watsa shiri ga jama'a a kan iska a Najeriya sai da lasisin Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992, kuma ƙanƙantar na'ura ba ta fitar da mutum daga wannan doka. Za ka jawo wa yaran da kake son taimaka wa kwace kaya da zuwa gaban hukuma.

Abin da ka ji game da masu rediyon sha'awa gaskiya ne, amma wani abu ne daban. Mutane ne da ke karɓar izini daga hukumomin sadarwa, a ba kowa lambar kira, ta 'yan Najeriya tana farawa da 5N, su riƙa magana da junansu a mitocin da aka keɓe musu. Hira ce tsakanin mai izini da mai izini, da gwaje-gwajen fasaha, da taimako lokacin bala'i. Ba a yarda su watsa labarai ga jama'a ko su saka kiɗa ba, kuma rediyon gida ta FM ba ta ma kama su. 

Akwai kuma dalilin fasaha da kai ka fi kowa ganewa. Zangon FM ya ƙare a 108MHz, daga nan zuwa 137MHz na jiragen sama ne. Na'urar haɗin hannu marar matata tana zubar da sigina a wajen mitar da aka saita ta.

Hanyoyin halal suna nan. Lasifika mai cin memori a majalisa ko bakin kasuwa bayan la'asar, da izinin mai gari, tana isar da shirin ga mutum talatin a zama ɗaya. Ana iya kai shirin gidajen rediyon jiha ko masu zaman kansu a nemi su ɗauki rahoton yaran. In garin ya shirya da gaske, akwai lasisin rediyon al'umma, wanda gwamnatin tarayya ta amince da rukunin farko guda 17 a 2015, amma ƙungiya mai rajista ke nema, ba mutum ɗaya ba. Hannunka kuwa yaran na buƙatarsa a wajen gyaran makirufo, fawa banki da lasifika.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a yankin Ringim. Da daminar da ta wuce wani ya yanko gargaɗin ambaliya daga tsohon shirin matasan garinmu ya sake yaɗa shi, mutane suka firgita, aka zagi yaran alhali ba su da laifi. Yaya za a kare wannan?

Amsa: Malama, wannan ya fi kowace matsala da aka kawo mana yau nauyi, don a bakin kogin Haɗeja maganar ruwa ba abin wasa ba ce. Kariyar farko tana hannun masu shirin: su faɗi rana, wata da shekara a farkon shiri, su kuma maimaita a cikin duk labarin da zai iya tayar da hankali, a jikin jimlar kanta. Maimakon "ruwa na ƙaruwa a yau", a ce ranar kaza ga watan kaza na shekara kaza, a gari kaza. Wanda zai yanke sai ya yanke har da kwanan watan, kuma za a ji gurbin. Su faɗi daga inda labarin ya fito: hukumar hasashen yanayi ta NiMet ce ta yi hasashe, ko hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ta yi sanarwa kan madatsun Tiga da Challawa, ko kuwa mai unguwa ne ya gani da idonsa. Su ajiye kowane shiri cikakke, don ranar musu shi ne shaidarsu.

Ta biyu tana hannun masu sauraro, kuma tana cikin godiyar da ake bin mu. A tura shiri cikakke ko a bar shi. In saƙo ya zo da alamar kibiya biyu, wato an yi ta tura shi hannu zuwa hannu, a tambayi masu shirin kafin a ƙara gaba. Zai taimaka su buɗe tasha ta WhatsApp ko zaure da su kaɗai ke iya saka abu, kowa ya san nan ne tushe. Mai yankan kuma ya sani dokar laifukan intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan yaɗa abin da mutum ya san ƙarya ne don tayar da hankalin jama'a. Tunda ke malama ce, ki kunna wa manyan ɗalibai shiri ɗaya, ki ce su nemo rana, wuri da majiya a cikinsa.

Tambaya: Tun da muka saka sola a gida, gajeren zango ya koma shuuu, ba na jin labaran safe. Daga wani mai sauraro a Gwaram.

Amsa: Malam, ba faifan solar ba ne, kayan da ke tare da shi ne: inbata, na'urar daidaita caji, ƙwan fitila na LED da cajar waya, duk suna fitar da ƙarar da gajere da matsakaicin zango ke kwasa. Ka kunna rediyon da batir, ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin. Sau da yawa matsawa taku goma zuwa tsakar gida ya wadatar, kuma kada ka saurara tana jone da caji.

Don ƙarin ƙarfi, ka sami siririyar waya mai rufin roba, mita bakwai zuwa goma, ka ɗaure ta sama tsakanin bishiya da katanga, ka naɗa ƙarshenta sau biyar ko shida a jikin eriyar rediyon. In ta fi haka tsawo ƙaramar rediyo sai tashoshi su hau kan juna. Kada ta kusanci wayar lantarki, kuma da hadari ya taso a cire ta. Da rana a nemi tasha a mita 16 ko 19, da asuba da dare a mita 31, 41 ko 49. Tashoshin waje na sauya mitoci a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, wasu kuma sun rage gajeren zango sun koma FM da intanet, Muryar Amurka ma an dakatar da yawancin shirye-shiryenta a Maris na 2025, don haka wani shirun ba daga gidanka yake ba. A matsakaicin zango eriyar waje ba ta aiki, ta cikin akwatin ce ke kamawa, sai ka juya rediyon kanta a hankali har muryar ta fito. FM kuwa tsawo take so: ka zaro eriya kimanin santimita 75, ka ɗora rediyon a kan katanga ko taga mai fuskantar garin da tashar take.